Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugaban NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, Roger Goodell: 68 aka ce ko 70?

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya aiki, ya fama da jama'a. Na san ba ka jin Hausa, kuma da wuya wannan takarda ta hau benen ofishinku na Park Avenue a New York, amma ni in raina ya ɓaci da Hausa nake magana, ko mai ɗakina ta san haka, shi ya sa na ce bari in rubuta da yaren da ba sai na tsaya lalubo kalma ba. Wanda ya ga dama ya fassara maka.

Ni Bahaushe ne, karatu ya kawo ni Michigan, zama ya riƙe ni. Lokacin da na zo wallahi dariya wasan nan naku yake ba ni, ƙarti sun sha hular kwano sun cusa soso a kafaɗa suna ta karo kamar raguna, a busa usur, a tsaya, a yi talla, a dawo a sake karo. Zari-ruga nake ce masa kamar yadda har yau 'yan gida suke ce masa. Wani maƙwabcina dattijo ne ya zaunar da ni ya koya min dokokin ɗaya bayan ɗaya, kuma da yake Allah ya ƙaddara zan sha wahala sai na faɗa goyon bayan Detroit Lions, kulob ɗin da a 2008 ya buga wasa 16 aka lallasa shi a duka 16. Na kawo wannan ne don ka san shan kashi ba baƙona ba ne. Na iya haƙurin rashin nasara, na ma ƙware.

Abin da na kasa haɗiyewa daban ne, kuma bari in fara da daren da ya sa na fara tunanin rubuto maka.

Asabar 30 ga Disamba 2023, Lions sun je gidan Dallas Cowboys. Saura daƙiƙa 23 a tashi Amon-Ra St. Brown ya shiga da ƙwallo, maki ya koma 20 da 19, Dallas na gaba. Kocinmu Dan Campbell, wanda kowa ya san ba ya tsoro, ya ce ba ya son kunnen doki, a nemi maki biyu a gama magana. Ga 'yan gida masu karantawa, akwai wata doka, manyan ƙartin da ke layin gaba ba su da izinin karɓar ƙwallo sai in ɗayansu ya je ya faɗa wa rafali da bakinsa cewa ni zan karɓa a wannan zagayen, shi kuma rafali ya sanar wa abokan hamayya da duk filin. To mutum uku suka nufi wajen rafali Brad Allen, Taylor Decker mai lamba 68 da Penei Sewell, ga kuma Dan Skipper mai lamba 70 ya taho da gudu daga gefen fili. Dabara ce ta rikita Dallas, kuma doka ba ta hana ba. Jared Goff ya jefa, Decker ya cafe, falona ya kaure da ihu, har shayin da ke hannuna na zubar a kan kafet, yarona ƙarami ya farka yana kuka, ni ko a jikina. Sai ga tuta rawaya a ƙasa, alamar alƙali ya ga laifi. Wai lamba 70 ne ya kai kansa, ba 68 ba, don haka Decker ba shi da ikon taɓa ƙwallo. An soke. Muka tashi 20 da 19.

Bayan wasa Decker ya ce shi ya je ya faɗa. Skipper ya ce shi bai ce wa rafali uffan ba. Campbell ya ce tun kafin a fara wasa ya yi wa alƙalan bayanin wannan dabarar. Bidiyo ya nuna Decker tsaye gaban Allen. Shi kuma Allen ya ce a'a, 70 ne ya faɗa masa. To ranka ya daɗe cikinsu dai akwai wanda ya yi kuskure, kuma wannan ba magana ce ta fahimta ko ta yadda ido ya gani ba, lamba ce, ko 68 ko 70. A filin da kyamara ta fi a ƙirga, rafali yana ɗauke da makirufo a jikinsa, alƙalan duk suna magana da juna ta na'urar kunne, amma har yau ba ku fito kun ce mana ga abin da aka faɗa ba. Abin da kuka yi sai kuka aika wa kulob-kulob bidiyo kuna tuna musu cewa nauyin ɗan wasa ne ya tabbatar rafali ya ji shi. Wato laifin na mai magana ne, mai kunne ba ruwansa. Sai a bakin 'yan jarida muka riƙa jin wai an rage wa tawagar Allen daraja, wai ba za su busa wasannin ƙarshen kaka ba, wai wai dai, ba sanarwa ba takarda. Sati na zagayowa kuma sai ga su suna busa wasan Steelers da Ravens a talabijin duk ƙasa tana kallo.

Kar ka ce kukan ɗan Lions ne kawai. Mutanen New Orleans sun fi ni ciwo nesa ba kusa ba. Ranar 20 ga Janairu 2019, wasan da duk wanda ya ci zai tafi Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofi, Saints da Rams, 20 da 20, saura minti ɗaya da daƙiƙa 49. Drew Brees ya jefa wa Tommylee Lewis ƙwallo, tun ƙwallo tana sama Nickell Robey-Coleman na Rams ya zo ya banke shi, kai da kai ma. Laifi biyu a bugu ɗaya. Makaho da ke sauraro a rediyo ya san laifi ne, shi kansa Robey-Coleman bai musa ba da aka tambaye shi. Ba wanda ya jefa tuta. Da an jefa, Saints za su cinye lokacin ne kawai su buga ƙwallo ta kusa su tafi abinsu, amma Rams suka farke suka ci 26 da 23 a ƙarin lokaci. Kocin Saints Sean Payton ya ce shugaban alƙalanku na lokacin, Al Riveron, ya amsa masa a waya cewa sun yi kuskure. A waya fa, tsakaninsu su biyu. Rafalin wasan Bill Vinovich da ɗan jarida ya tambaye shi cewa ya yi shi bai ma ga abin ba tukuna. Kai kuma ranka ya daɗe sai da ka kwana goma kafin ka buɗe baki, shi ma don taron manema labarai na Super Bowl ya zo ba yadda za ka yi. Cikin kwana goman nan har kotu magoya baya suka je.

Amma ka san abin da bai ɗauki kwana goma ba? Tarar Robey-Coleman. Dala 26,739, har da 'yan canjin, a kan laifin da alƙalanku suka tsaya suna kallo ba su hukunta ba. Nan ne abin yake ci min rai. Ɗan wasa in ya yi laifi duniya za ta ji sunansa da lambarsa da kuɗin da aka yanka masa, kowane mako kuna fitar da jerin waɗanda aka ci tara. Koci in ya yi kuskure zai zauna gaban 'yan jarida su yi ta yagarsa, dole ne, in ya ƙi zuwa ma tara ce. In kuma ya kuskura ya soki alƙali, toh ya shiga uku, a Disamba 2023 kocin Kansas City Chiefs Andy Reid dala dubu 100 kuka karɓe masa, ɗan wasansa Patrick Mahomes dubu 50, don sun yi ƙorafi a kan ofsaid ɗin Kadarius Toney a wasansu da Buffalo. Kuma ni a ganina a ranar alƙalan ne da gaskiya, ƙafar Toney ta wuce layi ƙiri-ƙiri, amma ba shi ne zancen ba. Zancen shi ne kowa a filin nan ana yi masa hisabi a bainar jama'a, banda mutum bakwai masu riga zebra. Su nasu hisabin a ɗaki ake yi, a rufe ƙofa. Mun san kuna duba aikin kowane alƙali wasa bayan wasa kuna ba shi maki, mun san da makin ake zaɓar masu busa manyan wasanni, amma ba wanda ya taɓa ganin takardar. Iyakar abin da ake ba mu shi ne ɗan jarida guda ɗaya a bar shi ya shiga ya yi wa rafali tambaya biyu uku, a buga a takarda a raba, amsar kuma kullum kamar an haddace, ba mu gani ba, hukuncin wanda ke kusa ne, doka ba ta ba da damar a duba ba.

Haka aka yi a Oktoba 2024 da Byron Young na Rams ya kama ƙarfen hular Sam Darnold na Vikings ya murɗe masa wuya ya kayar da shi. Ni da ke kwance a kujera na gani, miliyoyin mutane sun gani sau biyar a hankali a hankali, amma rafali Tra Blake ya ce an tare musu gani, masu duba bidiyo na ofishinku a New York da ke zaune gaban talabijin ashirin kuma doka ta ɗaure musu baki. Daga baya kun faɗaɗa dokar, yanzu mai duba bidiyo zai iya cewa a ɗauke tutar da aka jefa bisa kuskure a irin waɗannan laifuka, amma ba zai iya cewa a jefa wadda aka manta ba. Wato daidai irin abin da ya faru da Darnold, da wanda ya faru da Saints, in ya sake faruwa gobe haka za a sake kallo.

Ni fa ba na cikin masu cewa ana sayar da wasa. Bari in faɗa da babbar murya don ƙanena da ke Zariya, wanda yake tashi ƙarfe biyun dare yana kallo a waya, kullum sai ya turo min saƙo wai yaya ai duk fim ne, an riga an rubuta Chiefs ce za ta ci. Ina ce masa kai dai ba ka san wahalar aikin ba ne. Mutum 22, wasunsu sun fi buhun masara nauyi kuma suna gudu kamar barewa, komai yana faruwa cikin daƙiƙa biyar, kai kuma ka haura hamsin kana binsu da ido, dole wata rana ka kuskure. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma in ya ce min to yaya me ya sa ba sa bari a ji abin da suke cewa, sai in rasa amsa, in ce masa je ka kwanta gobe akwai aiki. Bayan wasan Chiefs da Bills na Janairu 2025, wanda aka yi ta gardama ko Josh Allen na Bills ya kai layi ko bai kai ba, ka fito ka ce zargin ana fifita Chiefs shirme ne, ƙungiyar alƙalan ma ta fitar da takarda ta ce cin mutunci ne. Wataƙila kuna da gaskiya. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, kuma ku da kanku kuke tafiya kamar masu kaza a aljihu alhali mai yiwuwa ba komai a ciki.

Sannan ga maganar caca, wadda ni dai addinina ya hana ni kuma ba na kusantarta, amma ba zan yi kamar ban ganta ba. Shekara da shekaru NFL tana cewa caca guba ce ga wasa. Da kotun ƙoli ta buɗe ƙofa a 2018, zuwa 2021 har kun ƙulla yarjejeniya da kamfanonin caca DraftKings da FanDuel da Caesars, yanzu ba a minti goma ba a tallata wa mutum ya zuba kuɗi ba. Kun dakatar da Calvin Ridley kaka guda cur a 2022 saboda ya yi caca, kun ce don kare mutuncin wasa, madalla. To wanda tuta ɗaya daga aljihunsa take juya miliyoyin daloli daga hannun wasu zuwa hannun wasu fa, shi wa yake nuna mana an bincike shi? Ƙwallon kwando sun ɗanɗana, a 2007 aka kama alƙalinsu Tim Donaghy da hannu a caca har ya yi zaman gidan yari. Tun 2015 kuma gasar tasu ta NBA take fitar da rahoton minti biyun ƙarshe na duk wasan da aka yi kankankan, a rubuta nan an busa daidai, nan an yi kuskure, nan ya kamata a busa ba a busa ba. Rahoton ba ya dawo da wasa, 'yan wasa da yawa ma haushinsa suke ji, amma aƙalla an ɗauke ka mutum mai hankali an gaya maka.

Mu da muka taso da ƙwallon Ingila a gidan kallo mun ga wani abu a 2023 da ya kamata ka sa a nemo maka. Luis Díaz na Liverpool ya ci Tottenham ƙwallo halastacciya aka ce ofsaid, masu VAR suka rikice suka tabbatar da kuskuren. A daren hukumar alƙalan ta amsa laifi, bayan kwana uku ta saki muryar duk abin da suka faɗa a ɗakin. Abin kunya ne wallahi, kana jin yadda suka gane sun tafka ta'asa, ana cewa a tsayar da wasa, wani yana cewa ba abin da zan iya yi. An yi musu dariya, an zage su. Amma duk wanda ya saurara ya gane shirme ne na ɗan Adam, ba cin hanci ba, 'yan Liverpool na unguwarmu da suka rantse an sayi wasan sai suka koma cewa alƙalan ba su iya aiki ba, kuma tsakanin zargin biyun akwai tafiya mai nisa. A zari-ruga ta gaskiya kuwa tun tuni ana jin rafali yana shawara da mai bidiyo kai tsaye. Ko nan Amurka gasar XFL, mai irin wasanku, ta yi a 2020, kyamara har cikin ɗakin duba bidiyo, kana jin mutumin yana cewa mayar min baya, tsaya nan. Ƙaramar gasa mai neman kuɗin albashi ta iya, ku masu kwangilar talabijin ta sama da dala biliyan 100 kun kasa?

Kuma a cikin gidanku ma akwai misali. A 2008 rafali Ed Hochuli ya busa usur da wuri a wasan Broncos da Chargers, ya hana San Diego ƙwallon da suka ƙwata, suka sha kashi 39 da 38. Mutumin nan ya amsa cewa shi ya ɓata, har saƙonnin zagi da aka riƙa turo masa ya zauna yana amsawa yana ba da haƙuri. Ya ci gaba da aiki kusan shekara goma bayan nan kuma ya yi ritaya da mutuncinsa. James Bradberry na Eagles, a Super Bowl na Fabrairu 2023, ana ta kumfar baki wai alƙalai sun ba Chiefs kofi, shi da aka busa wa laifin ya fito ya ce eh na ja rigarsa, wutar ta lafa nan take.

Wasu suna cewa maganin shi ne a mayar da alƙalan ma'aikatan dindindin, tunda har yau yawancinsu suna da wata sana'ar, Hochuli lauya ne, Walt Anderson likitan haƙori, Walt Coleman harkar madara gidansu suke yi. Kun gwada a 2017 da wasu 'yan kaɗan kuka watsar a 2019. Ni wannan bai dame ni sosai ba. Kora ma ba ita nake nema ba, da kuka kori alƙali Hugo Cruz ana tsakiyar kaka a 2018 me ya canza? Kuma duk wanda ya ga 2012, lokacin da kuka yi rigimar kuɗi da alƙalan kuka kawo 'yan haya, har aka kai daren Seattle da Green Bay da alƙali biyu suka tsaya kafaɗa da kafaɗa kowa yana nuna hukunci daban, ya san waɗannan da muke zagi su ne gwanayen, kwana biyu da wannan abin kunya kuka sasanta aka dawo da su.

Abin da nake roƙo bai kai haka tsada ba. Duk lokacin da aka tsayar da wasa ana magana da New York, a sakar mana muryar mu ji, kai tsaye ko bayan an tashi. Ranar Litinin ko Talata a fitar da takarda a kan manyan hukuncin da aka yi gardama, a ce wannan daidai ne wannan kuskure ne, da sunan ofishinku a ƙasa, ba a bar tsofaffin alƙalai da gidajen talabijin suka ɗauka haya su riƙa yi mana hasashe ba. Rafali, ko shugabansu in kuna tsoron a ci masa fuska, ya zauna gaban 'yan jarida minti goma kamar yadda ɗan shekara 22 da ya yar da ƙwallo yake zama. In kuma an hukunta tawaga a faɗa, in an wanke ta a faɗa. Kar kuma a yi mana irin ta 2019, da kuka ba da damar a duba laifin tare mai karɓar ƙwallo saboda kunyar abin da ya faru da Saints, sannan aka riƙa ƙin juya hukunci ko da abu ya fito fili, kaka ɗaya kuka ce ai bai yi aiki ba kuka soke. Wanda ya gani ya san ba a so ya yi aikin ba ne.

Na ga a 2025 kun kawo kyamarorin Hawk-Eye suna auna yadi maimakon sarƙa da sanda, an huta da irin ranar da rafali Gene Steratore ya zaro kati daga aljihu yana cusawa tsakanin ƙwallo da sanda a 2017. To sannunku da ƙoƙari. Kuna ta kai wasa Landan da Jamus da Brazil, tsohon ɗan wasanku Osi Umenyiora yana ta zagaya Ghana da Kenya da Legas yana nemo yara, so kuke duniya ta shigo. Mutanen da kuke gayyata sun saba da jin muryar VAR, kuma ba su da haƙurin ɗan Lions.

Maƙwabcin nan nawa da ya koya min wasan ya tsufa sosai yanzu, ba ya iya kaiwa ƙarshen wasan dare sai barci ya ɗauke shi. Washegarin wasan Dallas na same shi yana share ƙanƙara a bakin ƙofa, ko gaisuwa bai bari na gama ba ya ce min wai shin yaron nan ya faɗa wa rafali ko bai faɗa ba? Na ce masa ya ce ya faɗa. Ya ce to shi rafalin me ya ji? Na ce sai dai a tambayi New York. Har yanzu in mun haɗu yakan tsokane ni ya ce New York ɗin sun amsa? Shi ya sa na ce bari dai in tambaya a rubuce, ranka ya daɗe, 68 aka ce masa ko 70?

Ka huta lafiya.

Naka,
Wani Bahaushe ɗan Lions, daga Michigan